Ƙiba a Jikin Ƙananan Yara: Daga Ina Take Farowa?

A ƙasar Hausa, idan mace ta shiga gidan suna da goyonta, abin da mata kan fara dubawa shi ne kumatun yaron da damatsansa. In suka gan shi ɓul-ɓul, sai ka ji ana ta tubarkalla, ana yaba wa uwar da kyawun nono, ana yaba wa uban da iya cefane. In kuwa yaron siriri ne, ko da yana ta wasa da dariya, uwar ba za ta bar gidan ba sai an faɗa mata magani uku ko huɗu. Wannan ra'ayi yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Kakanninmu sun ga yadda ƙyanda da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suke ɗauke ramammun yara, su bar masu ɗan jiki. A wurinsu kitsen jikin yaro tamkar hatsi ne a rumbu.

Sai dai zamani ya zo da wata matsala wadda kakannin ba su saba da ita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara biyar nauyinsu ya wuce ƙima. Cikin masu shekara 5 zuwa 19 kuwa, kashi 8 cikin ɗari ne suke da wannan matsala a 1990, amma zuwa 2022 sun kai kashi 20.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwanmu da wannan, alhali babbar damuwarmu ita ce tamowa? Tambayar tana kan hanya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Waɗanda nauyinsu ya wuce ƙima kashi 2 ne kacal. To amma binciken nan dai ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma waɗannan mata su ne suke ɗaukar ciki, su ne suke reno. Har ila yau, kamar yadda za mu gani, yunwar farkon rayuwa tana iya share wa ƙibar gaba hanya. Saboda haka ƙasar da take da tsumburarrun yara da yawa, kuma sukari da soyayyen abinci suke ta ƙara cika kasuwanninta, ita ce ya kamata ta fi kowa fahimtar wannan darasi.

Yadda ake gane ƙiba

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A wannan fage dai ido yakan yi kuskure, musamman idon uwa da na kaka. Abin da ma'aikatan lafiya suke yi shi ne su auna nauyin yaro da tsayinsa, sa'an nan su gwada da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006. An samo wannan ma'auni ne daga awon yara fiye da 8,000 tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Abin sha'awa shi ne, yaran waɗannan ƙasashe, muddin sun sha nonon uwa kuma sun sami kyakkyawar kulawa, girmansu ya zo kusan ɗaya har zuwa shekara biyar. Don haka babu hujjar a ce ma'aunin na 'ya'yan Turawa ne.

A jikin takardar awon akwai layuka. Na tsakiya shi ne matsakaicin nauyi, sa'an nan akwai layin +2 da na +3 a samansa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar wanda nauyinsa, bisa la'akari da tsayinsa, ya haura layin +2, shi ne ake cewa nauyinsa ya wuce ƙima; wanda ya haura +3 kuwa shi ne mai ƙiba ta cuta, wadda wasu ke kira teɓa. Alal misali, yaro namiji mai tsayin mita ɗaya, matsakaicin nauyinsa kusan kilo 15 da rabi ne. Idan ya haura kilo 18 ya shiga sahun farko, idan ya kai 20 ya shiga na biyu.

Akwai abubuwa biyu da ɗalibi ya kamata ya bambanta da ƙiba. Na farko shi ne kumburin tamowa. Yaron da ya kamu da nau'in tamowar da ake kira kwashiyoko yakan kumbura ƙafafu da fuska, har a zaci jiki ya yi, alhali ruwa ne ya taru. Idan aka danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku aka ga wurin ya lotsa bai taso ba, to wannan yaro asibiti yake buƙata a ranar. Na biyu shi ne kitsen jarirai. Jariri mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa sau biyu kafin wata shida, sau uku kafin shekara, kuma a tsakanin wata shida da tara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikinsa kitse ne. Wannan halitta ce, kuma yana da amfani. Da zarar ya fara tafiya sai ya riƙa miƙewa, jikin yana zubewa, har zuwa wajen shekara shida, inda zai sake fara tara kitse a hankali. Wata masaniya 'yar ƙasar Faransa, Marie-Françoise Rolland-Cachera, ta nuna a 1984 cewa yaran da wannan sake tara kitsen ya zo musu da wuri, kafin shekara biyar da rabi, su ne suka fi yin ƙiba da suka girma. Haka nan wani bincike da aka buga a 2018 a kan yara fiye da 50,000 a ƙasar Jamus ya gano cewa matasa masu ƙiba mafi yawansu tsakanin shekara biyu da shida nauyin ya fara gudu, kuma kusan tara cikin goma na yaran da suke da teɓa suna da shekara uku ba su rabu da nauyin ba har suka balaga. Ke nan maganar da ake yi cewa zai zube in ya girma gaskiya ce ga ɗan wata takwas, amma ga ɗan shekara huɗu ba lallai ba ne.

Rumbun jiki

Abincin da muke ci shi ne makamashin jiki, kuma ana auna ƙarfinsa da kalori. Giram ɗaya na sukari ko sitaci yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa kalori 9. Jiki yana kashe wannan ƙarfi wajen numfashi, bugun zuciya, ɗumama jiki, motsi, da kuma girma idan yaro ne. Abin da ya yi saura sai a mayar da shi kitse, a adana cikin wasu ƙwayoyin halitta na musamman. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mu yi lissafin allo: ƙaramin cokali uku na sukari kusan kalori 50 ne. Idan yaro yana samun rarar wannan kullum, a shekara ya tara kalori 18,250, watau fiye da kilo biyu. A zahiri abin da zai taru bai kai haka ba, domin jiki mai nauyi ya fi kashe makamashi, amma lissafin ya nuna mana gaskiyar masu cewa da yayyafi kogi kan cika.

Masana a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2008 cewa yawan ƙwayoyin kitse yana ƙaruwa ne a lokacin ƙuruciya da samartaka, sa'an nan ya tsaya. Babba idan ya rame, ƙwayoyin sukan motse ne kawai, yawansu yana nan. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ƙibar da aka taso da ita take da wuyar rabuwa, kuma ita ce take buɗe ƙofa ga ciwon sukari, hawan jini, taruwar kitse a hanta, toshewar numfashi cikin barci, da lanƙwashewar ƙashin ƙafa.

Kafin mu ci gaba, a lura da ma'anar abin da ake kira mai ƙara haɗari. Idan aka ce abu kaza yana ƙara haɗarin ƙiba, ana nufin cikin yara ɗari da suke da shi, waɗanda za su yi ƙiba sun fi yawa bisa ga yara ɗari da ba su da shi. Ba hukunci ba ne a kan kowane yaro.

Gado

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙibar iyaye tana cikin manyan alamomin da ke nuna yaro zai yi ƙiba. Amma shin jini ne, ko kuwa tukunya ɗaya da suke ci? Wani likita ɗan Amurka, Albert Stunkard, ya nemi amsar a ƙasar Danmak, inda ya duba mutane 540 da aka ɗauke su riƙo tun suna jarirai. Sakamakon da ya buga a 1986 ya nuna cewa jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. Nazarin tagwaye shi ma ya nuna gado yana da babban rabo.

Yawancin ƙwayoyin gadon da ke da hannu a wannan al'amari a kan ƙwaƙwalwa suke aiki, watau su ne suke tsara yawan jin yunwa da saurin ƙoshi. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano wani sinadari mai suna leftin, wanda kitse yake aikawa cikin jini zuwa ƙwaƙwalwa don ya sanar da ita cewa rumbu ya cika. Shekara uku bayan haka likitoci a Kambirij ta Ingila suka gamu da wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya waɗanda jikinsu ba ya yin wannan sinadari. Kullum cikin yunwa suke, kuma sun yi ƙiba mai tsanani tun suna ƙanana. Irin wannan larura ba ta da yawa ko kaɗan. Abin da ya fi yawa shi ne ɗaruruwan ƙwayoyin gado, kowace da ɗan tasirinta. Darasin da ke ciki ga malami shi ne, yaro mai ƙiba ba malalaci ko mai haɗama ba ne don ya ga dama. Wani yaron da gaske ya fi wani jin yunwa. Sai dai gado bai sauya ba daga 1990 zuwa yau, alhali ƙiba ta ninka fiye da sau biyu. Abin da ya sauya shi ne abinci da yanayin zama.

Tun daga ciki

A nan ne labarin ya fi ban mamaki. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyoyin kai abinci yammacin ƙasar Holan. Rabon abincin da hukuma take bai wa babban mutum ya faɗi ƙasa da kalori 1,000 a rana, a wasu watannin ma bai wuce 400 zuwa 800 ba. Yunwar ta ƙare da aka 'yantar da ƙasar a watan Mayu na 1945. Da yake mutanen Holan suna da kyakkyawan tsarin ajiye bayanai, masana sun iya bin sawun 'ya'yan da aka yi cikinsu a wannan lokaci. A 1976 aka buga sakamakon awon samari kimanin 300,000 masu shekara 19 da suka je gwajin shiga soja. Waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon rabin cikin, sun fi sauran yawan masu ƙiba.

Ta yaya yunwa za ta haifar da ƙiba? David Barker na Jami'ar Southampton ya duba tsofaffin littattafan ungozomomi na wata gunduma a Ingila, ya ga cewa mutanen da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan shekaru masu yawa. A 1992 shi da abokin aikinsa Nicholas Hales suka kawo bayani kamar haka: ɗan tayin da abinci bai ishe shi ba yakan fifita ƙwaƙwalwa, ya rage wa tsoka da ƙoda da sauran gaɓoɓi rabonsu, ya tsara jikinsa bisa tattali, kamar magidancin da ya ga alamun fari. Idan ya fito duniya ya ci gaba da zama cikin ƙaranci, tsarin ya yi masa rana. Idan kuwa ya tarar da lemon kwalba da soyayyen abinci, sai jikin ya riƙa tara kitse a ciki, kuma ya kasa sarrafa sukari yadda ya kamata. Jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba shi ne ake kira mai ƙarancin nauyi, kuma abubuwan da ke jawo haka sanannu ne a wurinmu: ƙarancin abinci da ƙarancin jini ga mai ciki, zazzaɓin cizon sauro, ɗaukar ciki tun yarinya ba ta gama girma ba, haihuwar kunika, da hayaƙin taba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne jaririn da ya sami fiye da buƙatarsa. Idan mai ciki tana da ciwon sukari, sukarin da ya yi yawa a jininta yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi. Shi kuma sai jikinsa ya ƙara samar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne tura sukari cikin ƙwayoyin jiki da mayar da rarar kitse. Sai a haifi ƙaton jariri mai fiye da kilo 4, dangi suna murna, alhali uwar ta sha wuyar naƙuda, shi kuma ya fito da ƙarin haɗarin ƙiba da ciwon sukari. Haka nan macen da ta shiga ciki da ƙiba, ko ta ƙara nauyi fiye da ƙima a lokacin goyon cikin. Wannan yana cikin amfanin zuwa awon ciki, domin akwai nau'in ciwon sukarin da ciki ne yake tayar da shi, kuma sau da yawa ba ya nuna wata alama sai an gwada jini.

Shekara biyun farko

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla, ba ruwa ba koko, har wata shida, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. A Nijeriya, bisa binciken 2018, kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Nazarce-nazarce da yawa sun nuna yaran da aka shayar ba su kai masu shan madarar gwangwani yawan ƙiba ba. Akwai dalilai masu ma'ana. Jariri a ƙirjin uwa shi ne yake yanke lokacin da ya ƙoshi, amma mai riƙe da bulumboti takan so ta ga ƙarshen abin da ta dama. Sa'an nan furotin da ke cikin nonon uwa kimanin giram 1 ne a kowane mililita 100, na madarar shanu kuwa ya fi giram 3, kuma wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai biyar ya nuna jariran da aka ba madarar gwangwani mai yawan furotin sun fi masu shan mai ƙarancinsa ƙiba da suka kai shekara shida.

Amma a nan akwai darasi game da yadda kimiyya take aiki. A ƙasar Belarus an yi babban gwaji a kan mata da jarirai kimanin 17,000 daga 1996, inda aka ƙarfafa shayarwa a wasu asibitoci aka bar wasu yadda suke. Shayarwar ta ƙaru, gudawa ta ragu, amma da aka auna yaran bayan shekaru ba a ga bambancin ƙiba ba. Wannan ya nuna cewa kariyar da nono yake bayarwa daga ƙiba ba ta kai girman yadda aka zata da farko ba, kuma wani ɓangare na bambancin daga sauran halayen gidan yake. Darajar nono wajen ceton ran jariri daga gudawa da ciwon haƙarƙari kuwa babu mai jayayya a kanta.

Wani muhimmin sakamako ya fito a 2013 daga bin sawun dubban mutane tun daga haihuwa a Birazil, Gwatamala, Indiya, Filifin da Afirka ta Kudu. Yaran da suka yi tsayi da kyau a shekara biyun farko sun fi nisa a karatu, ba tare da wani babban haɗari ba. Waɗanda kuwa nauyinsu ya riƙa gudu ya bar tsayinsu bayan shekara biyu, su ne suka fi ƙiba da hawan jini da suka girma. Ma'anar wannan ita ce, lokacin da ya fi dacewa a dage wajen gina yaro shi ne daga ɗaukar ciki zuwa yaye, da abinci mai sa tsayi irin su ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, nono da ganyen zogale. Tsumburarren yaro ɗan shekara huɗu idan aka cika shi da shayi mai sukari da burodi da fanke, faɗi zai yi, da wuya ya rama tsayin da ya rasa.

Zaƙi, ɗura da sha-ka-fashe

A shawarar da ta bayar a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, in ma an tsaya a kashi 5 ya fi. Yaro ɗan shekara uku yana buƙatar kimanin kalori 1,200. Kashi 10 shi ne kalori 120, watau giram 30, ko ƙaramin cokali bakwai da rabi. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da kusan cokali tara, mai santilita 50 kuwa kusan cokali goma sha uku. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yini har ta ci bashi. Illar abin sha ita ce ba ya ƙosarwa kamar abin da ake taunawa, don haka yaro zai sha kuma ya ci tuwonsa daidai. A wani gwaji a Holan da aka buga a 2012, an raba yara 641 gida biyu, ana ba kowa gwangwani ɗaya a rana, na wasu da sukari na wasu babu. Bayan wata 18 masu shan sukarin sun fi sauran da kimanin kilo ɗaya. Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a 2022.

Kada mu ɗora laifin duka a kan kamfanoni. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda ana sayarwa a ƙofar makaranta, wani lokaci sukarinsu ba ya kasa na kwalba. Fura da nono abinci ne mai kyau har sai an zuba masa ludayin sukari. A da abin marmarin yaro goriba ne da magarya da ɗinya da kanya, masu ɓawo da zare, waɗanda sai an sha wuya kafin a kai ga zaƙin. Yau biskit ne da alewa da cincin da taliyar leda.

Yadda ake ciyarwa shi ma yana da tasiri. Binciken Leann Birch a Amurka ya nuna ƙananan yara suna iya daidaita cinsu: in sun ci kaɗan da safe sukan rama da rana, ta yadda jimillar yini ba ta cika sauyawa ba. Matsa wa yaro ya cinye kwano, da yi masa alkawarin alewa in ya yi shiru, suna koya masa ya daina sauraron cikinsa. Ɗura, wadda har yanzu ake yi wa jarirai da koko, ta fi wannan muni, domin ban da ɓata wannan ma'auni na halitta tana iya tura abincin cikin huhu. Mafi hatsari kuma shi ne sayo maganin ƙiba a kemis ko a hannun masu talla, irin wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin dekzametason, wanda yake kumbura fuska da ciki, ya tara ruwa, ya raunana garkuwar jiki, ya tsayar da tsayin yaro. Magani ne mai amfani a hannun likita. Kumatun da yake kawowa kuwa alamar illa ce.

Wasa da barci

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara game da 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar motsi na aƙalla minti 180 a yini. Wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban talabijin ko waya, daga biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya. Shawarar ta ce kada a ɗaure yaro wuri ɗaya fiye da awa guda a lokaci ɗaya, kuma ta ambaci goyo a baya cikin misalanta. Ni dai ina ganin goyo yana da alherin da ba a musunsa, kuma uwar da take surfe ko take hanyar kasuwa ba ta da zaɓi. Abin nufi shi ne a riƙa sauke yaro a shimfiɗa masa tabarma ya yi birgima da rarrafe. Yaron ƙauye da ke wasan langa da ɓuya ba ya buƙatar a ƙirga masa minti. Damuwar tana kan yaron birni da ke cikin gidan haya marar tsakar gida, wanda ake kai shi makaranta a babur, makarantar kuma ba ta da fili.

Barci kuwa, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar awa 11 zuwa 14, ɗan uku zuwa huɗu awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaran da ba sa samun isasshe sun fi yin ƙiba. Gwajin da aka yi a kan samari a Jami'ar Chicago a 2004 ya nuna rashin barci yana rage leftin, ya ƙara wani sinadari mai tayar da yunwa da ake kira girelin.

Aiki a cikin aji

Malamai su kiyaye abu biyu. Kada a auna ɗalibi a gaban 'yan'uwansa, kada kuma a bari a riƙa kiran wani da sunan tsokana saboda jikinsa, domin kunya tana hana yaro fita wasa, ta ƙara abin da ake gudu. Sa'an nan ba a hana ƙaramin yaro abinci don ya rame. Idan awo ya nuna matsala, ma'aikacin lafiya ne zai tsara yadda nauyin zai dakata tsayi ya cim masa.

Ga aikin da za a iya yi da kayan da ke kusa. Kowane rukuni na ɗalibai ya zo da kwalba ko kwalin abin sha guda uku. A karanta yawan giram na sukari a kowane mililita 100 da aka rubuta a jiki, a lissafa na dukan kwalbar, a raba da 4 don a sami yawan cokali. Sai a auna wannan adadi na sukari a zuba cikin kofin gilashi, a ajiye kusa da kwalbar. Daga nan a tambayi mai sayar da zoɓo, cikin ladabi, yawan sukarin da take zuba wa bokiti ɗaya da yawan ƙullin da take samu, a auna nauyin sukarin, a lissafa rabon kowane ƙulli. A rubuta sakamakon a allo kusa da cokali bakwai da rabi na ɗan shekara uku.